Yadda Ake Neman Aikin Kwamfuta Bayan An Sauka a Wata Ƙasa

Daga Kazaure zuwa Haɗejiya, daga Ɗambatta zuwa Rano, da wuya ka sami garin da ake cin kasuwa wanda babu yaron da ya karanci kwamfuta a cikinsa. Wani difloma ya yi a makarantar fasahar sadarwa ta Kazaure, wani digiri a Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa, wani kuwa a shagon gyaran waya ya buɗe ido, ya ƙara da shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. A cikinsu akwai waɗanda hanyar fita ke buɗe musu: ƙaro karatu a Ingila, aure ya kai wata Jidda, wani ya bi yayansa Dubai, wani yana harin Jamus ko Kanada. Sai a sauka lafiya, a yi wata da watanni ana tura takardar neman aiki, shiru kake ji.

Yawanci ba rashin iyawa ne ke jawo haka ba. Mai ɗaukar aiki a can bai taɓa jin sunan makarantarka ba, bai san ko doka ta ba ka damar aiki ba, ba shi kuma da wanda zai tambaya halinka. A gida wani dattijo ne zai ce, "Ɗan gidan Malam wane ne, na san shi," magana ta ƙare. A can babu mai faɗin haka. Duk abin da zan lissafa maka, ɗan'uwa, manufarsa ɗaya: ka cire wa mutumin nan shakka a kanka, har ya ga ɗaukarka ba kasada ba ce.

Abin da ake gamawa tun ana gida

Baza takardunka a kan tabarma: fasfo, NIN, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar difloma ko digiri, da ta hidimar ƙasa. Bi sunanka harafi-harafi a kowace. Mu nan da sunan gari muke rufe suna, sai ka tarar a WAEC an sa sunan garinku, a fasfo an cire shi, a digiri an mayar da shi harafi ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can. Ranar haihuwar da hedimasta ya ƙiyasta ranar da aka kai ka firamare daban, wadda ke NIN daban. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma ofishin biza da kamfanin da ke binciken sababbin ma'aikata mutum biyu suke gani. Ka yi rantsuwa a kotu, ka buga daidaita suna a jarida, ka gyara NIN ta hannun NIMC. Kana Dutse ko Kano zirga-zirga ce kawai. Kana waje kuwa, sai ka ɗora wa wani ƙaninka, ka yi ta kira yana cewa an ce ya dawo gobe.

Daga nan sai tantance takardun karatu. Ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa hatimi suke so, kuma a jere: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadancin ƙasar. Kanada tana aiki da hukumomin auna takardu irin su WES, kuma makarantarka ce za ta aika musu cikakken sakamakonka kai tsaye, ba a karɓa daga hannunka. Duk wanda ya taɓa bin sawun fayil a ofishin jarrabawa ya san zuwa da kai ya fi aike, don haka ka fara tun kana iya hawa mota ka je. A Ingila UK ENIC ce ke ba da takardar kwatanta digirinka da nasu. Jamus tana da rumbun bayanai a intanet mai suna anabin, kyauta ne, ka duba ko makarantarka na ɗauke da alamar H+, wato sun amince da ita. Mai HND ya duba da wuri, kada ya ɗauka ko'ina za a lissafa ta daidai da digiri.

Nemi mutum biyu da za su tsaya maka shaida: malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, da maigidan da ka yi wa aiki. Kamfanonin waje ta imel suke tambaya, sun kuma fi yarda da imel na makaranta ko na ma'aikata a kan Gmail. Je ka gaishe su, ka ce, "Malam, za a aiko da saƙo a kaina, don Allah a riƙa leƙa akwatin." Akwai malaman da sai an yi wata ba su buɗe imel ba, aiki kuwa ba ya jira.

Layin wayarka na gida kada ka bar shi ya mutu. Da shi bankinka da imel ɗinka suke aiko lambar sirri, kuma layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana sayar wa wani.

Karanta bizarka kafin ka nemi komai

Wannan shi ne abin da mai ɗaukar aiki zai fara tambaya, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami.

A Saudiyya bizar Umara da ta ziyara ba na aiki ba ne, komai daɗin bakin ejan. Aiki na halal yana tafiya da iƙama, wato katin izinin zama, da kwantiragin da aka shigar a manhajar Qiwa, kai ma ka gani a wayarka ka amince. Duba sana'ar da aka rubuta a iƙamar. Idan an rubuta direban gida ko lebura, kana zaune a ofis kana haɗa uwar kwamfuta (saba), ka saɓa doka. Abin da ake kira biza mai 'yanci, wato ka biya kafili ya sake ka ka nemi na kanka, doka ba ta san da shi ba; ranar da kuka saɓa zai iya kai rahoton ka gudu daga aiki. Ka kuma sani tun 2021 aka ware wa 'yan ƙasa kashi 25 cikin 100 na ayyukan sadarwa da fasahar kwamfuta a kamfanonin da ke da irin waɗannan ma'aikata biyar ko fiye, ga kuma rajista da Majalisar Injiniyoyi ta Saudiyya da ake nema a sana'o'in fasaha da dama. 'Yar'uwa da aure ya kai ki kina kan iƙamar maigida, wannan iƙamar ba izinin aiki ba ce, sai an nemo miki izini daban.

A Ingila ɗalibin jami'a awa 20 yake da ita a mako lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa. Wannan ya haɗa da karɓar kwangilar gina shafin intanet a Upwork ko Fiverr, abin da yaranmu da yawa ba su sani ba. Bayan kammalawa akwai bizar masu digiri ta shekara 2, wadda za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Bayan ita sai kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya tsaya maka, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema a gaba ɗaya fam 41,700 ne a shekara, da sassauci ga sababbin shiga. Jerin kamfanonin da ke da lasisin yana shafin gov.uk, kyauta. Sauke shi, ka riƙa duba sunan kamfani kafin ka ɓata dare kana cike fom.

Jamus ta buɗe bizar Chancenkarte a Yunin 2024: shekara guda ta neman aiki, da damar aikin awa 20 a mako, bisa maki da ake tarawa da karatu, gogewa, shekaru da harshe. Sai ka nuna kuɗin ciyar da kanka, sama da Yuro 1,000 na kowane wata. Abin da ya fi jan hankali a wurina shi ne, tun Nuwamban 2023 mai aikin kwamfuta da ba shi da digiri zai iya samun katin aiki na Tarayyar Turai, Blue Card, idan yana da gogewar shekara 3 cikin shekaru 7 da suka wuce, ga kuma tayin aiki mai albashin da ya kai ƙa'ida. A Kanada ɗalibi na da awa 24 a mako a wajen makaranta tun Nuwamban 2024.

Waɗannan dokoki suna sauyawa kusan kowace shekara. Shafin gwamnatin ƙasar za ka buɗe da kanka, kada ka tsaya a sautin da aka turo zauren WhatsApp.

Makon farko da na biyu

Layin waya na ƙasar, adireshi, asusun banki, da lambar haraji ko ta inshora. A Jamus rajistar mazauni cikin kwana 14 da shiga gida, daga nan lambar haraji ta zo ta gidan waya. A Ingila lambar National Insurance da lambar da ake ba kamfani ya duba izinin aikinka. A Kanada lambar inshorar jama'a, SIN. Neman waɗannan lambobi kyauta ne. Ka sauya garin da ke shafinka na LinkedIn zuwa inda kake, domin masu neman ma'aikata da gari suke tacewa. Wanda shafinsa ke cewa Kano ba zai fito wa mai nema a Manchesta ba.

Mayar da aikin ƙauye ya zama hujja

Da yawa cikin yaranmu cewa suke ba su da gogewa, alhali sun yi aikin da ɗan birnin Turai bai taɓa yi ba. Ka kula da cibiyar jarrabawar JAMB? Ka yi wa INEC aikin gyaran BVAS a zaɓen 2023? Ka shigar da bayanan asibitin karkara a manhajar DHIS2, ko ka tattara bayanan rigakafi da manhajar ODK? Ka kafa Starlink da sola a makarantar da ba ta taɓa ganin wutar NEPA ba? Duk aiki ne. Yadda ake rubuta shi ne matsalar.

Ɗauki na JAMB. Yawanci abin da ake rubutawa a CV shi ne, "Na yi aiki a cibiyar jarrabawa." Bature bai san JAMB ba, bai ga komai ba. Rubuta abin da hannunka ya taɓa: ka haɗa kwamfuta 250 da saba ɗaya, ka ja waya ka ɗaura kawunanta, ka ɗora Windows, ka raba adireshin IP (lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a kan sadarwa), ka tsaya a ɗaki ana jarrabawa zama uku a rana kana tayar da duk wadda ta tsaya cikin mintuna, ka shirya yadda za a koma inbata idan janareta ya mutu ba tare da an rasa amsar ɗalibi ba. Ka sa adadinka na gaskiya, kada ka ƙara ko ɗaya, domin a kan waɗannan layuka za a yi maka tambaya.

CV kada ta wuce shafi biyu. Ta Ingila da Kanada da Amurka ba a sa hoto, ba ranar haihuwa, ba jiha ko ƙaramar hukuma, ba addini, ba maganar aure. Mu mun saba da su ne saboda fom ɗin gwamnati. A Jamus hoto al'ada ce, a ƙasashen Larabawa kuma ana son ganin ƙasarka da irin bizar da kake kai. Ko'ina ne, a sama ƙarƙashin suna ka rubuta layi ɗaya mai bayyana izinin aikinka da ranar ƙarewarsa. Manyan kamfanoni manhaja ce ke fara tace takardu, don haka kalmomin da ke cikin tallan aikin, idan da gaske ka iya abin, su fito a taka yadda aka rubuta su. Takarda goma da aka gyara wa kowane kamfani tasa sun fi ɗari da aka watsa iri ɗaya.

Mai rubuta manhaja ya sa aiki biyu ko uku da suke tafiya a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da bayanin yadda ake kunna su. Manhajar lissafin bashin shagon taki da ka yi wa kawunka, wadda ake amfani da ita kullum, ta fi kwafin darasin YouTube daraja.

Satifiket ɗaya, ba tari ba

Amfanin satifiket na duniya shi ne, mai ɗaukar aiki ya san shi ko bai san makarantarka ba. Mai son agajin kwamfuta a ofis ya yi CompTIA A+, jarrabawa biyu ce. Mai son haɗa sadarwa ya yi CCNA ta Cisco, wajen dala 300, tana aiki shekara 3. Mai son ajiyar intanet ta manyan kamfanoni ya fara da AZ-900 ta Microsoft ko matakin farko na AWS mai dala 100. Buɗe tallan aiki ashirin na garin da kake, ka ga wanne ne ya fi maimaituwa, shi za ka yi. Takardun halartar bita na kwana biyu da muke tarawa a fayil, bar su a gida.

Abin da ƙananan ayyukan ofis suke tambaya kuwa kusan ɗaya ne: Active Directory mai kula da asusun ma'aikata, Microsoft 365, da manhajar karɓar ƙorafi irin ServiceNow ko Jira. Mu nan ba mu cika haɗuwa da su ba. Don ka koya a gida, sauke VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Windows Server na gwaji wanda Microsoft ke bayarwa kyauta na kwana 180, ka ƙirƙiri ma'aikatan ƙarya, ka kulle asusunsu ka buɗe, ka sauya musu kalmar sirri. Packet Tracer na Cisco, na koyon haɗa sadarwa, ma kyauta ne. Kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwa giga 8 za ta ɗauka, ko da da ƙyar.

Inda aikin yake, da masu kai ka

Kada girman kai ya hana ka aikin farko. Nemi Service Desk Analyst, IT Support Technician, Field Engineer, Data Centre Technician, ko kwangilar wata uku ta sauya wa ma'aikata kwamfutoci. Abin da kake saye da wannan aiki shi ne sunan kamfanin ƙasar a takardarka da mutumin ƙasar da zai ce ya san ka. Sai dai mai zaune a Ingila ya riƙe lissafi: albashin irin wannan aiki yawanci bai kai abin da bizar ma'aikata ke nema ba, don haka daga watan farko ya fara shirin hawa zuwa tsaron intanet, sadarwa ko rubuta manhaja kafin bizarsa ta ƙare.

LinkedIn da Indeed suna ko'ina. A yankin Larabawa ƙara da Bayt, GulfTalent da Naukrigulf. A Jamus StepStone da shafin gwamnati na Make it in Germany. A Ingila Reed, CWJobs da NHS Jobs, domin asibitoci da jami'o'i da ƙananan hukumomi suna ɗaukar masu kwamfuta sosai. A Kanada Job Bank.

Kamfanonin dillancin ma'aikata kuwa, wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san aikinsu: baƙo da shanunsa ba ya sanin mai saye na gaske sai ta hannun dillali. Bambancin kawai, a nan kamfanin da ya ɗauke ka ne ke biyan la'ada. A Ingila doka ta hana dillali karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don samo masa aiki, a Daular Larabawa da Saudiyya ma kuɗin ɗauko ma'aikaci a kan mai aiki yake. Kira su a waya, ka faɗi abin da ka iya da irin izininka cikin minti ɗaya, ka sake tuntuɓa bayan mako biyu.

Sannan mutane. Hausawan gari za su ba ka masauki da tuwo, Allah ya saka musu, amma idan duk masu tuƙa tasi ne, aikin tasi za su nuna maka. Nemi masu sana'arka ko daga ina suke: a masallacin Juma'a, a tarukan masu kwamfuta da ake sanarwa a Meetup, a tsofaffin ɗaliban makarantarku. Kada ka buɗe baki da "a taimaka min da aiki." Tambayi yadda ya shiga kamfaninsu, me ake tambaya a intabiyu, ko zai duba maka CV. Kamfanoni da yawa suna ba ma'aikaci tukwici idan ya kawo wanda aka ɗauka, don haka shi ma yana da riba.

Harshe kuma: a Jamus akwai kamfanonin manhaja masu aiki da Turanci, amma agajin ma'aikata sai da Jamusanci. A Saudiyya Larabcin Islamiyya jari ne, ka ɗora masa na kasuwa.

Intabiyu

Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban babba da ƙin yabon kai a nan tana cutarwa. Dubi mai tambaya a ido. Ka ce "na yi", domin idan ka yi ta cewa "mun yi" zai ɗauka kallo ka tsaya yi. Kowane labari ka jera shi haka: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi, yadda aka ƙare. Shirya guda biyar tun a gida, ciki har da na ranar da ka yi fama da mai fushi.

Tambayar da ba ta wuce mai neman aikin agaji ita ce, "Ma'aikaciya ta kira ta ce intanet ɗinta ya ɗauke, me za ka yi?" Tsarin tunaninka ake so a ji. Ita kaɗai ce ko duk ofis? Waya na jone, Wi-Fi na kunne? Wane adireshin IP ta samu? Idan ya fara da 169.254, ba ta kai ga mai raba adireshi ba. Idan adireshin lafiya, gwada kaiwa ga rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, sai wani adireshi na waje irin 8.8.8.8, in wannan ya amsa amma shafi bai buɗe da suna ba, matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa adireshi. Ka rufe da cewa za ka rubuta abin da ka yi, in ya fi ƙarfinka ka miƙa sama. Yi magana a hankali, aikin rabinsa a waya ake yinsa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ga yadda za ka binciko.

Maganar sallah da Juma'a, a ganina ka bari sai an yi maka tayi, sannan ka kawo ta da mafita a hannu: hutun cin abincin rana za ka haɗa, ko ka rama awa ɗaya da yamma.

Kafin ka sa hannu

Karanta albashi, ka san na kafin haraji ne ko na bayansa. A Turai tazarar tana da yawa. A ƙasashen Larabawa duba ainihin albashi daban da alawus na gida da mota, domin a Daular Larabawa da ainihin albashin ake lissafa sallamar ƙarshen aiki. Duba wa'adin gwaji: wata 6 ne iyaka a Jamus da Daular Larabawa, kwana 180 a Saudiyya. Takardar tayin aiki ta Dubai ana iya tabbatar da ita a shafin ma'aikatar ƙwadago, MOHRE.

Duk tayin da ya zo ba intabiyu, ko aka ce ka biya kuɗin biza, na horo ko na takardar ɗaukar nauyi, tashi ka bar shi, kuma kada a sayar da gonar gado a kansa. Ka yi hattara ƙwarai da tallan "aikin kwamfuta" ko "kula da abokan ciniki" a Kambodiya, Laos ko iyakar Tailan da Myanmar, mai albashin dala da tikiti kyauta. An kai 'yan Afirka da dama irin waɗannan wurare, aka ƙwace fasfonsu, aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Wanda ya ga irin wannan talla tana yawo a garinsu ya sanar da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP.

Fasfonka a hannunka zai zauna. A Saudiyya da Daular Larabawa doka ba ta ba mai aiki damar riƙe shi ba. Ɗauki hoton fasfon, da biza ko iƙama, da kwantiragin duka shafukansa, ka ajiye a imel ɗinka, ka kuma tura wa mutum ɗaya a gida da ka amince da shi, haɗe da adireshin kamfanin da lambar ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa da kai: Riyad ko Jidda, Abu Dabi ko Dubai, Landan, Balin ko Ottawa.